Lafiya Uwar Jiki: Famfon magani ko na'urar wuta, wanne ya dace da mutumin Takanamat?

A makon nan za mu duba wata magana wadda a da sai a ƙasashen Turawa ake yin ta, amma yau ta shigo zaurukanmu na Adar ta hannun ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da ke fita neman magani Tunis, Kazablanka, Alƙahira, Istambul ko Indiya. Mutum ya shekara biyar ko goma yana fama da ciwon baya ko na ƙafa wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. An yi ƙaho, an yi sakiya, an sha saiwa, an sha ƙwaya, wataƙila ma har an yi masa aiki a ƙashin baya. Daga ƙarshe sai likitan can ya ce masa akwai abu biyu da ake iya dasawa cikin jiki domin rage azaba: ko dai famfon da ke ɗiga magani kusa da laka, wanda da Faransanci suke kira pompe intrathécale, ko kuwa na'urar da ke aika ƴar wuta ga jijiyoyi, wato neurostimulateur. Sai a bugo waya gida a ce a haɗa kuɗi. Daga nan ake fara maganar sayar da shanu, ko gonar gado, ko kayan kanti, ko cin bashin banki a kan albashin shekara biyar.

Mai ciwo ba a zarginsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma tun da dukiyar iyali da ran mutum ne za a ɗora a kan sikeli, ya kamata a san abin da ake saye. Abin da muke so mu nuna shi ne, ga mutumin Takanamat ko na wani ƙauye a arewacin Adar, tambayar wace na'ura ta fi ƙarfi ita ce ƙarama. Babbar tambaya ita ce wacce zai iya riƙewa bayan ya dawo gida, kuma me zai same shi ranar da ta tsaya.

Ciwo iri biyu ne

Likitoci suna kiran ciwo mai daɗewa idan ya haura wata uku. A ƙasarmu ba sai an je neman irinsa ba. Ga wanda ya yi ƙuruciyarsa yana dakon buhu a kasuwannin Abijan ya dawo da baya a karye. Ga mai noman albasa da ke yini a sunkuye. Ga macen da ta tsufa tana jan guga a rijiya mai gaba ashirin. Ga direban babbar mota a kan hanyar Agadas. Ga ma'aikacin da ya shekara talatin a kan kujerar ofis.

Amma ba duk ciwo ne iri ɗaya ba. Akwai wanda ke fitowa daga nama, ƙashi ko gaɓa da suka lalace, kamar amosanin gwiwa ko ƙarin ciwon daji da ke danne wani wuri. A nan jijiya lafiyarta lau, saƙon gaskiya take kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wanda jijiyar ce kanta ta samu rauni, ta riƙa kai ƙarar ƙarya ba dare ba rana. Mai irin wannan zai ce maka yana jin kamar garwashi a tafin ƙafarsa, ko kamar ana tsira masa allura, ko wuta na fizgarsa daga ƙugu zuwa yatsa, ko kuma ko riga ta taɓa wurin sai ya zabura. Ana ganin haka ga masu ciwon sukari, da waɗanda jijiyarsu ta matse a ƙashin baya, da wasu waɗanda aka yi wa aiki a baya amma zogin ƙafa bai tafi ba. Wannan bambanci shi ne mabuɗin farko, domin na'urar wuta an yi ta ne musamman saboda ciwon jijiya, famfo kuwa ya fi amfani ga ciwo mai yawa wanda ya bazu, irin na ciwon daji.

Yadda famfo yake aiki

A cikin ƙashin baya laka take, tana kwance cikin wani ruwa garai-garai. Ta nan duk saƙon ciwo yake bi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. A shekarar 1979 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka nuna cewa idan aka zuba ɗan morfin kaɗan cikin wannan ruwa, azabar masu ciwon daji tana kwantawa na sa'o'i masu yawa. A 1981 aka fara dasa famfo cikin jiki domin yin wannan aiki ba tare da allura kullum ba.

Famfon faifai ne na ƙarfe, girmansa kamar gwangwanin man goge takalmi. Ana yanka fatar ciki a ajiye shi a ƙarƙashinta, a ja wani siririn tiyo ya zagaya ta kwiɓi har ya shiga cikin ruwan laka. A cikinsa akwai ma'ajin magani mai ɗaukar mililita 20 ko 40, da batir, da ɗan inji mai ɗiga maganin bisa awon da likita ya tsara da kwamfuta. Hikimar abin ita ce, tun da maganin yana sauka daidai inda ake buƙatarsa, abin da ake zubawa kaɗan ne ƙwarai: ana ƙiyasta cewa miligiram guda na morfin a cikin ruwan laka yana yin aikin kusan miligiram 300 da aka sha ta baki. Saboda haka maye, da amai, da taurin ciki sukan ragu. Bayan morfin, ana sa wani magani mai suna baklofen ga waɗanda gaɓoɓinsu suka sandare, da wani mai suna zikonotid wanda aka kwaikwayo daga dafin wani dodon koɗi na teku, aka amince da shi a Amurka a 2004.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ma'ajin yana ƙarewa. Duk bayan wata ɗaya zuwa uku, wani lokaci ya ɗan zarce, sai mutum ya koma wurin ƙwararre ya soka allura ta fatar ciki ya cika shi da magani na musamman wanda ba a samunsa a kowane farmasi. Idan allurar ta kuskure bakin ma'ajin, maganin wata uku ya zuba a ƙarƙashin fata lokaci guda, numfashi yana iya tsayawa. Idan ranar cikawa ta wuce, ko tiyon ya lanƙwashe ko ya tsinke, jikin da ya saba da magani zai shiga wani mugun hali na gumi, kakkarwa da azaba. Idan baklofen ne ya yanke farat ɗaya, abin yana iya kaiwa ga rasa rai. Wani lokaci kuma tsiro yakan fito a bakin tiyon ya danne laka har ƙafafu su mutu, sannan idan ƙwayoyin cuta suka bi tiyon, sanƙarau ke nan. Batirin famfon kuwa ba a yi masa caji. Bayan shekara biyar zuwa bakwai sai an sake yanka an canja famfon ɗungurungum.

Yadda na'urar wuta take aiki

Kowa ya san idan ya yi tuntuɓe yakan duƙa ya murza wurin, kuma zafin yakan ragu. A shekarar 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack ɗan ƙasar Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila, suka ba da bayanin dalili: a cikin laka akwai abu kamar ƙofa, idan saƙon taɓawa ya cika ta, saƙon ciwo ba ya samun wurin wucewa sosai. Shekara biyu bayan haka, a 1967, wani likitan Amurka mai suna Norman Shealy ya fara ɗora waya a kan lakar wani mai ciwon daji domin ya cika wannan ƙofa da ƴar wuta.

A yau ana zura waya siririya ɗaya ko biyu a cikin ƙashin baya, a wajen rigar da ta lulluɓe laka, a haɗa ta da wani ɗan batir mai girman akwatin ashana wanda ake binnewa a saman ɗuwawu ko gefen ciki. Mai ita yana riƙe da ƴar na'urar hannu kamar ta canja tashar telbijin, ya ƙara, ya rage, ya kashe. Tsofaffin samfura suna sa mutum ya ji wani ɗan tsuwa kamar tafiyar kiyashi a maimakon zogi. Sababbi da yawa ba a jin komai. Akwai kuma waɗanda ake ɗorawa a kan jijiya guda a hannu ko ƙafa idan ciwon a wuri ɗaya yake.

Babban alherin wannan hanya shi ne ana gwada ta kafin a saya. Ana sa wayar, a bar batirin a waje na kwana biyar zuwa bakwai ko fiye. Idan ciwon bai ragu da aƙalla rabi ba, sai a zare wayar, kowa ya kama gabansa. Ba magani a cikinta, don haka ba maye, ba cikawa, ba mutuwa saboda awo ya yi yawa. Batirin iri biyu ne: wanda ba a yi wa caji yakan yi shekara biyu zuwa biyar kafin a sake yanka a canja shi, da wanda ake yi wa caji ta saman fata duk bayan ƴan kwanaki, wanda yakan kai shekara goma. Matsalolinta su ne wayar takan goce daga wurinta ko ta karye, musamman ga mai aikin ƙarfi da yawan sunkuyo, wurin yankan yakan ruɓe, kuma ga mutane da yawa amfaninta yana raguwa da tafiyar shekaru.

Abin da bincike ya nuna

Mai sayar da kaya ba ya kushe hajarsa, saboda haka mu ji ta bakin masu awo. Game da famfo, wani gwaji da aka buga a 2002 a kan masu ciwon daji kusan 200 ya nuna waɗanda aka dasa wa famfo sun fi samun sauƙi, kuma wahalar magani ta fi raguwa gare su, a kan waɗanda aka bari da ƙwayoyi kaɗai. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma ga ciwon daji. Ga mai ciwon baya wanda ake sa ran zai ƙara shekara ashirin ko talatin a duniya, hujjar ba ta kai haka ba, domin jiki yana sabawa da morfin, awon yana ta hawa, haɗarin kuma yana taruwa shekara bayan shekara. Wani bincike na 2009 a Amurka ya gano mace-mace sun fi yawa cikin waɗanda aka dasa wa famfon morfin ba don ciwon daji ba, idan aka gwada su da waɗanda aka dasa wa na'urar wuta.

Game da na'urar wuta, labarin ya rabu biyu. A 2007 wani gwaji a kan mutum 100 da aka yi wa aikin baya zogin ƙafa bai tafi ba ya nuna, bayan wata shida, kashi 48 cikin 100 na masu na'urar sun samu ragin rabin ciwon, alhali cikin waɗanda ke shan magani kaɗai kashi 9 ne suka samu. Amma a 2022 likitocin ƙasar Norwe suka yi wata dabara a kan mutum 50: suka dasa musu na'urar, suka riƙa kunna ta wasu watanni, su kashe ta wasu watanni, ba tare da mai ita ya sani ba. Ba a ga wani bambanci na kirki tsakanin watannin kunnawa da na kashewa ba. A 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace bincike, ta tattara gwaje-gwaje 13 a kan mutum 699, ta ce babu hujjar da ta isa a ce na'urar tana da amfani mai ɗorewa ga ciwon baya. Tun a 2018 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ƙirga rahotannin rauni sama da 80,000 da aka kai wa hukumar magunguna ta Amurka a kan waɗannan na'urori cikin shekara goma.

Ma'anar wannan duka ita ce, ko a ƙasashen da aka ƙera su, ba ɗaya daga cikin biyun da ke warkar da ciwo. Idan an yi sa'a suna rage shi da rabi, ga wasu mutane, a wasu irin cututtuka. Duk wanda ya yi maka alkawarin za ka tashi garau kamar ɗan shekara ashirin, ka riƙe aljihunka.

A auna da mudun Takanamat

Yanzu mu dawo gida. Takanamat tana arewa maso yamma da Tawa. Mai son ganin ƙwararren likitan ƙashin baya daga can sai ya fara neman motar da za ta kai shi Tawa, sannan ya kama hanyar Ƙonni da Dosso zuwa Yamai, tafiyar kilomita sama da 500, ko kuwa ya tsallaka iyaka ta Ƙonni zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda akwai sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Mutumin da aka ƙera wa waɗannan na'urori kuwa yana zaune ne a garin da motar asibiti ke isa ƙofarsa cikin minti goma sha biyar, inshora kuma ke biyan kuɗin. Wannan tazara ita ce ya kamata ta yanke hukunci.

Mu ɗauki famfo. Wanda aka dasa wa shi ya ɗaura aure da asibiti, auren da ba saki. Idan babu wanda zai cika masa a Yamai da ainihin maganin da kuma kwamfutar da ke magana da irin famfonsa, to sau huɗu ko fiye a shekara sai ya hau jirgi. Kuma mu a Nijar mun ga yadda hanya take rufewa ba sallama. A 2020, saboda annobar korona, an rufe filayen jiragen sama daga watan Maris har farkon Agusta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, zirga-zirgar jirage ta tsaya na wani lokaci, magunguna suka yi wuya, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairu 2024. Wata bakwai ke nan, alhali ma'ajin famfo wata uku yake yi. Mai famfon da ya makale a gida a irin wannan lokaci ba ciwonsa kaɗai zai dawo ba, ransa ne a hannun Allah.

Mu ɗauki na'urar wuta. Ranar da ta tsaya, abin da zai faru shi ne ciwon ya dawo yadda yake a da; abu ne mai ɗaci, amma ba a kai mutum kushewa saboda shi. Wannan shi ne babban fifikonta ga na nesa. Sai dai ita ma tana da nata sharaɗi. Mai batirin caji yana buƙatar wuta a kai a kai, kuma ba mu manta ba a watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Wanda zai karɓi irin wannan sai ya tanadi faifan hasken rana nasa na kansa, da abin caji na biyu, domin ba a sayar da shi a kasuwar Tawa. Idan waya ta goce, ko ana son a gyara tsarin wutar, sai an nemo ma'aikacin kamfanin da ya ƙera ta. Kuma wanda zai koma ɗaukar buhu ko huɗa da hauya ya sani wayar ba ta son haka.

Sai kuɗi. Na'urar kaɗai, kafin a yi maganar tiyata, gado, jirgi da masauki, dubban yuro ce, kuma kowace yuro dubu goma sefa miliyan shida da rabi ce da ɗoriya. Ba sau ɗaya ake biya ba, tun da batir yana mutuwa. Dattawanmu ƴan kasuwa ba su manta da watan Janairu 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari duk abin da ake shigowa da shi ya ninka. Wanda ya ɗaure jikinsa da kayan waje na shekara ashirin ya ɗaure shi da canjin kuɗi na shekara ashirin. Ma'aikacin gwamnati da aka fitar da kuɗin hukuma, shi ma ya tambaya a rubuce ko takardar ta ƙunshi komawa da canjin batir, ko kuwa tafiya ɗaya ce tak, kuma me zai faru bayan ya yi ritaya.

Idan aka haɗa waɗannan, ga yadda muke ganin hukuncin. Mai ciwon daji wanda azaba ta gallabe shi, morfin na baki ya kasa ko ya hana shi sakewa, kuma zai zauna kusa da asibitin da ke iya cika masa, famfo rahama ne gare shi. Mai ciwon jijiya tsantsa a ƙafa ko hannu, wanda aka gwada masa duk magungunan da suka dace na aƙalla wata shida, aka yi gwajin kwanakin nan ya ga sauƙi na gaskiya, yana iya duba na'urar wuta. Mai ciwon baya kawai, wanda ba ya sauka ƙafa, wanda kuma zai koma zama a Takanamat, mafi yawan lokaci amsar da ta dace da shi ita ce ba ko ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kafin a kai ga yanka

Waɗannan na'urori matakin ƙarshe ne na tsani, mu kuwa da yawanmu ba mu taka na farko ba. Na farko shi ne a san sunan cutar. A ƙasashenmu akwai ciwon bayan da tarin fuka ke kawowa idan ya shiga ƙashi, wanda likitoci ke kira mal de Pott. Yana cin ƙashin baya har mutum ya yi doro ko ƙafafu su shanye, alhali ƙwayoyin tarin fuka na wata shida zuwa shekara suna kashe shi. Toshe bakin irin wannan ciwo da na'ura daidai yake da kashe ƙararrawa a bar gobara. Saboda haka duk wanda ciwon bayansa ya zo da rama, zazzaɓin dare, mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, kada ya jira kasuwa ta ci. Ya nufi babban asibitin jiha a Tawa, ko asibitin Galmi, a ɗauki hoton ƙashi, in ta kama a tura shi Yamai.

Na biyu, ciwon jijiya yana da magungunansa masu sauƙin kuɗi, irin su amitiriftilin da gabapentin, waɗanda likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa a hankali. Sai an yi makonni kafin a ga aikinsu, kuma da yawa suna barinsu tun kwana uku su ce ba su da amfani. Motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi na asibiti, rage ƙiba, da riƙe sukari a ma'auni, duk suna cikin magani.

Na uku, mu faɗa wa juna gaskiya game da tiramol. Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a faranti a tasha kuwa takan kai 200 ko 225 a ƙwaya guda. Mai shan ta don ya iya aiki yakan wayi gari ba ya iya tashi sai da ita, wasu har faɗuwa suke yi kamar masu farfaɗiya, kuma daɗewa a kanta yana iya ƙara wa jiki jin ciwo. Haka diklofenak da ibuprofen na kullum suna huda ciki su kashe ƙoda. Likitan kirki ba zai dasa wa mutum komai ba sai an warware wannan, kuma ɓoye masa cutar kai ne.

Matambayi ba ya ɓata

Wanda duk da haka aka kai shi ga zaɓi, kada ya sa hannu sai ya samu amsar waɗannan a rubuce, da ɗan uwa mai ilimi a gefensa. Mene ne sunan cutata, kuma wane hoto ya nuna ta? Za a yi mini gwaji kafin dasawa, kuma nawa zan biya idan gwajin bai yi ba? Wane likita ne, da sunansa da asibitinsa, zai riƙa duba ni a Nijar ko a Sakkwato? Shekara nawa batirin zai yi, nawa ne canjinsa? Idan wurin ya kumbura ko ya fara ruwa ina Takanamat, wa zan kira, kwana nawa gare ni? Zan iya shiga injin hoton IRM da ita? Kuma nawa ne kuɗin cire ta idan na gaji? Likitan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa.

Kiranmu na ƙarshe ga hukuma ne. A 2017 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna cewa cikin kusan tan 300 na morfin da danginsa da ake rabawa a duniya kowace shekara, abin da ke isa ƙasashe matalauta bai wuce kilo 100 ba. Alhali garin morfin abu ne mai araha. A ƙasar Yuganda, wata likita mai suna Anne Merriman ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a 1993, suka riƙa dama garin morfin da ruwa suna zubawa a kwalba, kuma a 2004 gwamnatin ƙasar ta ba malaman jinya da aka horar izinin rubuta shi, har ya kai ƙauyuka. Kuɗin fitar da mutum guda waje a dasa masa famfo zai sayi irin wannan ruwa ga ɗaruruwan masu ciwon daji da ke kwance a ɗakunan ƙasa daga Takanamat zuwa Abalak. Muna roƙon ma'aikatar lafiya da wakilanmu su duba wannan hanya, tare da tsaro mai ƙarfi don kada maganin ya faɗa kasuwa, su kuma buɗe sashen kula da ciwo mai daɗewa a asibitin Tawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya sa kaffara ne.